Almon da walnot na kanti, ko gyaɗa da ayarmu: wanne ya dace da dattijo mai suga da hawan jini?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 67, yana fama da ciwon suga da hawan jini. Wani ɗan'uwanmu ya ce mu riƙa saya masa almon da walnot saboda suna gyara zuciya, kuma mu hana shi gyaɗa domin tana ƙara maiƙo a jini. Na je kanti na tarar ƙaramar leda ta fi kuɗin cefanenmu na kwana biyu. Shi kuwa Baba babu abin da yake so kamar gyaɗa da kunun aya. Da gaske ne gyaɗa tana cutar da shi? Kuma daga ina waɗannan abubuwa suke zuwa har suke da tsada haka?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan yadda kuke kula da shi. Idan na fahimce ki daidai, abu uku kike son sani: ko gyaɗa tana da illa ga mai suga da hawan jini, ko almon da walnot sun fi ta amfani har su cancanci wannan kuɗi, da kuma matsayin kunun ayar da Baba yake so. A aikina na tsara wa marasa lafiya abinci a asibiti, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini irin wannan tambaya ba, kuma amsata a taƙaice ita ce kada ku hana shi gyaɗa. Mafi yawan amfanin da ake nema a almon yana nan a cikin gyaɗa, matuƙar mai kyau ce, ba a cika ta da gishiri ko suga ba, kuma an ci ta da kima. Abin da ya fi damuna game da gyaɗa wani abu ne dabam wanda ɗan'uwanku bai ambata ba, kuma zan tsaya a kansa sosai a gaba.

Daga ina suka fito

Mutane da yawa sukan yi mamaki idan aka ce musu gyaɗa baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina, inda aka shafe dubban shekaru ana noma ta, sai a ƙarni na 16 'yan kasuwar Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan ta bazu cikin ƙasa. Dangin wake ce, shi ya sa take gyara ƙasar gona, kuma harawarta take ƙosar da dabbobi. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hajar da ake fitarwa zuwa Turai, har aka riƙa jera buhunanta dala-dala, kuma attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka yi fice a wannan ciniki. Farin farkon shekarun 1970 da annobar cutar gyaɗa ta 1975, tare da karkatar hankalin gwamnati ga man fetur, su suka kawo ƙarshen dalar, amma har yau Nijeriya da Sudan da Senegal suna kan gaba wajen noman gyaɗa a Afirka. Abin da muke da shi tun kafin zuwanta shi ne gurjiya, wadda wasu ke kira kwaruru, domin ita 'yar asalin wannan yanki ce. Aya kuma, wadda saiwa ce da take yin ƙwaya a ƙarƙashin ƙasa, tun zamanin Fir'aunoni ake noma ta a Masar, a yau kuwa jihar Maraɗi tana cikin manyan wuraren da suke ciyar da kasuwanninmu da ita.

Yazawa ma daga arewa maso gabashin Brazil ta fito, ta hannun 'yan Fotugal ɗin nan. Ana noma ta da yawa a Kwaddibuwa da jihohin Kogi, Kwara da Oyo, sai dai ɓawonta yana da wani ruwa mai ƙona fata, fasa ta kuma yana buƙatar ƙwarewa da na'ura, saboda haka mafi yawanta ɗanya ake fitarwa zuwa Biyetnam da Indiya a gyara, wani lokaci ma ta dawo mana da tsada. Almon da walnot itatuwan Iran da tsakiyar Asiya ne, suna buƙatar sanyin hunturu kafin su yi fure, abin da ba mu da shi. Kimanin kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya daga jihar Kaliforniya ta Amurka yake fitowa. Kuɗin da kika gani a kanti, kuɗin jirgi ne da canjin dala da haraji da leda mai ado, ba ma'aunin lafiyar da ke cikin ƙwayar ba ne.

Abin da ke cikinsu, da abin da bincike ya nuna

A cikin giram 100 na ɗanyar gyaɗa akwai furotin kimanin giram 26, mai kimanin giram 49, da faiba, wato harzar abinci da ciki ba ya narkarwa, kimanin giram 8. A giram 100 na almon akwai furotin kimanin giram 21 da mai kimanin giram 50. Kin ga ke nan gyaɗa ta ɗan fi shi furotin, kuma mansu kusan ɗaya ne a yawa da nau'i, domin mafi yawansa irin man da ba ya daskarewa ne, dangin wanda ake yabon man zaitun a kansa. Almon ya fi gyaɗa bitamin E da sinadarin kalsiyam, gyaɗa kuma ta fi shi bitamin B3 da folat, dukkansu biyu kuwa suna da maganiziyam da fotasiyam, waɗanda suke taimaka wa jijiyoyin jini. Walnot ne kaɗai yake da abin da gyaɗa ta rasa, wato man omega-3 na tsirrai, kimanin giram 2 da rabi a cikin tafin hannu guda, amma wanda yake cin kifi mai mai irin su sadin da taitus sau biyu a mako ya riga ya sami wannan ta hanyar da ta fi inganci.

Batun cewa gyaɗa tana ƙara maiƙo a jini ya samo asali ne daga ganin man da take fitarwa, amma jiki ba haka yake aiki ba. Gyaɗa ba ta da kolestarol, wato maiƙon da ake aunawa a jini, kamar yadda sauran tsirrai ba su da shi, kuma abin da ya fi ɗaga mugun kolestarol a jini shi ne kitse mai daskarewa, irin na kitsen nama, man shanu da kayan ciki. A 2010 an haɗa sakamakon gwaje-gwaje 25 da aka yi wa mutane, aka ga cin kimanin giram 67 na irin waɗannan ƙwayoyi a rana yana rage mugun kolestarol da wajen kashi 7 cikin 100. Ragin ba mai yawa ba ne, bai kai na magani ba, amma ragi ne, ba ƙari ba.

Tun 1992 wani bincike a Kaliforniya, wanda ya bi mabiya cocin Adbentis fiye da 31,000, ya nuna masu cin waɗannan ƙwayoyi sau biyar ko fiye a mako haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya kusa zama rabin na waɗanda ba safai suke ci ba. A 2013 masu bincike na Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bin mutum kusan 119,000 na tsawon shekaru da dama, suka ga masu ci kullum sun sami ragin mace-mace da kimanin kashi 20 cikin 100, kuma, abin da ya fi shafar tambayarki, sakamakon gyaɗa ya yi daidai da na masu tsadar. Wani binciken na 2015, wanda ya haɗa talakawan kudancin Amurka, yawancinsu baƙar fata, da mazauna birnin Shanghai na ƙasar Sin, mutum fiye da 200,000, waɗanda galibi gyaɗa suke ci, shi ma ya ga raguwar mutuwa ta cututtukan zuciya. Ya kamata in faɗa miki iyakar irin wannan hujja: bin mutane a ga abin da suke ci ba ya tabbatar da cewa gyaɗar ce kaɗai ta kare su, domin mai yiwuwa masu cin ta suna da wasu kyawawan halaye. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka yi a Sifaniya kan mutum fiye da 7,400, inda aka ba wani rukuni giram 30 na walnot da almon da makamancinsu kullum tare da abincin yankin Bahar Rum, aka sami ragin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta cututtukan zuciya, idan aka haɗa su, da wajen kashi 28 cikin 100. Babu gyaɗa a wannan gwajin, kuma an sake nazarinsa a 2018 saboda kurakurai wajen rarraba mutane, duk da cewa sakamakon bai canza sosai ba. Idan aka tattara duka, hujjar ta isa a ce amfanin na gaske ne, matsakaici ne, kuma gyaɗa tana da kasonta a ciki.

Ga mai ciwon suga akwai ƙarin dalili. Gyaɗa tana da ƙarancin sitaci, kuma mai da furotin da harzar da ke cikinta suna jinkirta narkewar abinci, saboda haka ba ta ɗaga suga da sauri. Na sha ganin dattawan da suka saba karya kumallo da koko da burodi, suga yana hawa kafin azahar, yunwa kuma tana damunsu, da aka rage burodin aka sa musu dafaffiyar gyaɗa ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sai awon ya daidaita, suka kuma daina neman abin taunawa kafin abincin rana.

Yadda za a ba Baba

Kimar da nake ba da shawara ita ce cikin tafin hannunsa guda na ɓararriyar gyaɗa a rana, kimanin giram 30, wanda ya kai kalori 170. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan gyaɗa hannu yakan rigayi ido, don haka a zuba masa kasonsa a ƙaramin kofi, kada a ajiye masa kwalba cike a gefen tabarma. Muhimmin abu shi ne ta maye gurbin wani abu, kamar biskit, cincin, fanke ko rabin burodin safe. Idan aka ɗora ta a kan duk abin da yake ci a da, ƙiba za ta biyo baya, ita kuma ƙiba tana ɓata suga da hawan jini gaba ɗaya.

Dafaffiya da soyayya a rairayi duk suna da kyau, kuma a bar jan ɓawon nan na ciki, domin yana da sinadarai masu kare jijiyoyi. Abin gudu shi ne gishiri, kasancewar masu soya gyaɗar sayarwa sukan jiƙa ta a ruwan gishiri kafin suya, mai hawan jini kuwa bai kamata gishirinsa na yini duka ya kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali guda. Gara a soya masa a gida ba gishiri. Alawar gyaɗa, kantu da dakuwa mai suga ba nasa ba ne. Miyar gyaɗa tana da kyau idan ba a ƙara mata wani mai da yawa ba, tun da ta zo da nata. Kunun gyaɗa kuwa, matsalarsa ba gyaɗar ba ce, shinkafa ko gasarar da aka dama shi da ita da sugan da ake zubawa su ne suke ɗaga awo, saboda haka ƙaramin kofi ba suga ya wadatar. Gurjiya ta bambanta da gyaɗa ƙwarai, domin wajen kashi 60 cikin 100 nata sitaci ne, manta kuma kaɗan ne, don haka a lissafa ta a matsayin abinci irin wake, a rage tuwo ko shinkafa a ranar da ya ci ta.

Aya tana da harza mai yawa da mai mai kyau, kuma tauna ta yana taimaka wa mai fama da taurin bayan gida, idan haƙora suna da ƙarfi. Amma idan aka markaɗa ta aka tace, mafi yawan harzar ta tafi da dusa, abin da ya rage shi ne mai da sitaci da zaƙin ayar kanta, sannan a ƙara dabino da kwakwa, masu sayarwa kuma su ƙara suga. Gora guda ta irin wannan kunu tana iya ɗaga sugan Baba kamar lemon kwalba. Idan yana so, a yi masa a gida ba suga, dabino ɗaya ko biyu a tulu guda, ya sha ƙaramin kofi tare da abinci, kuma a sha a ranar, domin kunun aya yana saurin lalacewa a zafinmu idan babu firji. Abin da ake yaɗawa cewa yana warkar da suga ko yana ƙara ƙarfin maza, mafi yawansa daga gwajin ɓeraye ne, bai kai a dogara da shi ba. Goro kuma, idan Baba yana ci, yana da sinadarin kafeyin, irin na gahawa, mai ɗaga hawan jini na ɗan lokaci da hana barci, gara ya rage.

Haɗarin da ya fi maiƙo: funfuna

A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil, kuma binciken wannan asara ne ya gano gubar da ake kira aflatoksin. Wata funfuna ce da take zaune a ƙasa take samar da ita, tana kama gyaɗa da masara, musamman idan fari ya buge shuka a ƙarshen damina, ko ƙwari suka huda kwanso, ko aka ajiye amfanin gona bai gama bushewa ba. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara a jikin ɗan'adam, kuma hanta take kamawa. Mai ciwon hanta nau'in B da yake cin wannan guba haɗarinsa na sankarar hanta yana ninkawa sau da yawa, ga shi binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta, yawancinsu ba su sani ba. An kuma alaƙanta gubar da tsumburewar yara a binciken da aka yi a ƙasashen Binin da Togo. Idan ta yi yawa tana kisa nan take, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu sakamakon cin gurɓatacciyar masara. Suya da dahuwa ba sa kawar da ita gaba ɗaya, domin tana jure zafi.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne gubar ba a ko'ina take cikin buhu ba, tana taruwa ne a cikin ƙwayoyi kaɗan da suka lalace, saboda haka tsinta da hannu tana rage ta sosai. Idan kika sayo mudu, ki baza shi a faifai a wuri mai haske, ki fitar da duk wadda ta yanƙwane, da wadda ta karye, da mai huda, da wadda launinta ya koma baƙi, kore ko rawaya. Ki fasa wasu daga cikin masu kyan gani ki duba tsakanin ɓari biyun, domin wani lokaci a nan ake samun ɗan ƙura-ƙura mai launin toka alhali waje lafiya lau. Ki sansana, idan kin ji warin ruma ki mayar wa mai ita. Wanda ya tauna gyaɗa ya ji ɗaci ya tofar, kada ya haɗiye. Wadda aka tsince kuma kada a ba kaji ko saniyar da ake tatsa, domin gubar tana ratsawa ta fito a nono. Gyaɗa mai kwanso ta fi jure ajiya, kuma buhu ya zauna a kan katako, nesa da bango, a ɗaki mai iska.

Wannan ne ya sa nake taka-tsantsan da ƙuli-ƙuli da markaɗaɗɗiyar gyaɗar kasuwa. Ƙuli-ƙuli abinci ne mai albarka, ya fi gyaɗar kanta furotin tun da an matse mai, kuma shi ne ƙashin bayan yajin tsire da kwaɗo. Amma ragowar gyaɗar da 'yan kasuwa suka tsince ba zubar da ita ake yi ba, da araha ake sayar da ita, kuma sau da yawa a turmin masu ƙuli take ƙarewa, inda niƙa yake ɓoye komai. Ban ɗora wa matan da suke wannan sana'a laifi ba, ribarsu kaɗan ce kuma ba a taɓa yi wa yawancinsu bayanin wannan guba ba. Mafita ita ce ki saya wurin wadda kika san gyaɗar da take amfani da ita, ko ki tsince taki ki kai a yi miki. Idan kuna noma, akwai maganin Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure, tare da cire gyaɗa a kan kari da shanya ta a kan tamfol maimakon ƙasa. Ki sani kuma almon da fustuƙun da alhazai suke kawowa tsaraba su ma funfunar tana kama su idan suka daɗe a wuri mai laima, walnot kuwa mansa yana saurin yin ɗaci a zafi.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Ban duba Baba ba, ban kuma ga sakamakon awonsa ba, don haka akwai abin da likitansa ne kaɗai zai yanke. Suga da hawan jini idan suka daɗe sukan taɓa ƙoda, ita kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam da fosfarus yadda ya kamata, gyaɗa da almon da yazawa kuwa duk suna da su. Wasu magungunan hawan jini, irin su lisinopril da losartan, su ma suna riƙe fotasiyam a jiki. Ki roƙi likita a yi masa awon ƙoda idan an daɗe ba a yi ba, a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, kuma idan ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ki faɗa, domin almon musamman yana da sinadarin da yake taimaka wa tsakuwa haɗuwa. Kada kuma a rage masa magani ko ɗaya da sunan an sami abinci mai gyara zuciya.

Tun da gida ne mai jikoki, kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, domin tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi. A niƙe kuwa, cikin kunu ko miya, tana da amfani ga yaro daga wata 6, kuma abincin tamowa da ake rabawa a asibitoci, wanda ya ceci dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da suga da mai da bitamin. Duk wanda cin gyaɗa yake sa masa borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, babba ko yaro, ya bar ta gaba ɗaya, kuma idan numfashi ya fara wuya a garzaya da shi asibiti.

Idan kuna da na'urar awon suga a gida, ku auna Baba kafin ya sha kunun ayarsa na gida, ku sake aunawa bayan awa biyu, ku yi haka a ranaku daban-daban, sannan ku rubuta ku kai wa likita a ranar da zai koma. Ga yawancin masu suga ana son awon bayan abinci ya tsaya ƙasa da 180, ko ƙasa da 10 idan na'urarku mai ƙananan lambobi ce, kuma daga wannan awon ne za a san ko ƙaramin kofin ya yi masa daidai ko sai an ƙara ragewa.